Shaidar Malam Uwaisu

Dinyar Malam, ƙasar Bagwai
Juma'a, cikin Muharram 1442

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Uwaisu ɗan Malam Basiru zuwa ga ɗana Abdulkabir, ɗan ɗan'uwana marigayi Muhammadu Sani, mazaunin Jidda. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina fata takardar nan ta same ka cikin lafiya da kiyaye salla a kan lokacinta. Mu nan muna godiya ga Allah. Damina ta yi albarka, gero ya fara nuna, gyaɗar bayan gida ta rufe ƙasa. Goggonka Fadima tana gaishe ka.

Bayan haka, yayata Rahmatu, wadda ta goye ka tun ranar da aka binne mahaifiyarka, jikinta ya yi nauyi. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kai kanta bakin rijiya. Likita ya ce zuciya ce ta gaji.

Ka san abin da ke tsakaninku, ba sai na tsawaita ba. Shekara tara ke nan da ka ce mata za ka Kano ɗauko kaya, ashe jirgi za ka hau, domin ka san ba za ta bar ka ba. Tun daga ranar ba ta yarda an kara mata waya a kunne da muryarka a ciki ba. Shekaranjiya na sake yi mata nasiha a kan yafiya, sai ta ce da ni: "Uwaisu, ni ban ce ba zan yafe ba. Amma wanda ya tafi a bayan idona, a gaban idona zai nema. Ya zo ya durƙusa in gan shi. Ko shan ruwa ba za a gama ba na sallame shi."

Na sani an rufe hanyar jirage saboda annobar korona, kuma ba ina kiran ka ka karya doka ba ne. Abin da muka gada a karatu ma shi ne kada a kai kai inda annoba ta sauka, kada kuma a ɗauke ta a kai wa wasu. Amma ranar da aka buɗe, kada ka tsaya sayen tsaraba. Ka taho.

Kunnena ya yi nauyi, waya ba ta yi mini amfani, kuma magana irin wannan a takarda ake sa ta. Maƙwabcina Malam Yahya na makarantar firamare zai ɗauki hotonta da wayarsa ya tura maka. Kai ma ka rubuto da hannunka ta wajensa.

Wassalam.
Baffanka, Uwaisu

*

Jidda
Talata, 6 ga Oktoba 2020

Baffa Malam, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ka, ina gaida Goggo Fadima. Yaya jikin Inna Rahmatu? Allah ya sa kaffara ne.

Ka gafarce ni da jinkirin amsa. Na ƙi rubutowa ne sai na sami abin faɗa. Na karanta maganar Inna a cikin motar da nake tuƙi, sai da na gangara gefen titi na tsaya.

An buɗe hanya, amma ba kamar da ba. Sai kafilina, wato uban gidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya sa hannu an ba ni izinin fita da dawowa. Sannan sai an gwada ni 'yan kwanaki kafin tashi. Wani tsinke ne mai auduga suke zura wa mutum a hanci har ya ji kamar an taɓo masa ƙeya. In takardar gwajin ta tsufa kafin ranar jirgi, sai a sake wani. Jirgin kuma ba ya sauka a Kano yanzu, sai Abuja ko Ikko. In an sauka, doka ta ce mutum ya killace kansa kwana bakwai ba ya cuɗanya da kowa, a rana ta bakwai a sake gwada shi.

Kafilin ya ce sai an sami wanda zai riƙe motar. Kullum ina bakin ofishinsa. Ka ce wa Inna ina tafe, kuma zan durƙusa ko kwana za ta sa in yi a durƙushe.

Ɗanka, Abdulkabir

*

Dinyar Malam
Lahadi, cikin goman ƙarshe na Rabi'ul Awwal

Zuwa ga ɗana Abdulkabir. Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ana ta yankan dawa.

Wata guda ya wuce ba mu ga rubutunka ba. Malam Yahya har kan tudun makaranta yake hawa yana ɗaga waya ko saƙo ya maƙale a hanya.

Rahmatu ta daina cin tuwo, sai koko cokali uku. Da na faɗa mata kana tafe, washegari ta sa Fadima ta cire buhunan wake daga ɗakinka na da, ta share shi. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta ce a leƙa.

Labarin zuwanka ya cika gari. Ka san mutanenmu da wanda ya fito daga ƙasa mai tsarki, balle mai shekara tara. Dattawan masallaci sun yanke cewa ranar da ka iso Kano da mota biyu za a je taryarka, kowa yana son ya riga wani kama hannunka. Tsofaffin mata har sun fara rabon zamzam ɗin da ba su gani ba.

Ka gaya mini inda maganar ta tsaya. Ba na jin akwai sauran lokaci mai yawa.

Baffanka, Uwaisu

*

Jidda
Laraba, 11 ga Nuwamba 2020

Baffa Malam, ina gaisuwa. Na ga takardarka.

Har yanzu ban sami tasowa ba, ina nan Jidda ina jiran takardu. Ka ce wa mutane kada kowa ya shirya mota tukuna. Ina sa ran mako mai zuwa.

Baffa, ina roƙon ka don Allah, kada ka jira ni. Ka zauna da Inna ka roƙa mini gafara tun yanzu. Ka ce mata ba ni na ƙi zuwa ba. Kai kaɗai take jin maganarka.

Ɗanka, Abdulkabir

*

Dinyar Malam
Lahadi, ƙarshen Rabi'ul Awwal

Zuwa ga ɗana Abdulkabir. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Allah ya karɓi ran Rahmatu jiya Asabar da hantsi, kanta yana kan cinyar Fadima, kalmar shahada ce ƙarshen maganarta. Na yi mata salla bayan azahar. Jama'a sun zo har daga Kunci da Dawakin Tofa. Allah ya ba mu haƙuri, ya ba ka.

Amma ina da abin da zai sanyaya maka zuciya, shi ya sa ban bari an kwana biyu ba na ɗauki alƙalami.

Ranar Alhamis bayan la'asar na shiga wajenta da Malam Yahya, Fadima tana zaune. Na karanta mata takardarka tun daga sunan garin da ke samanta har sa hannunka. Da na gama sai ta ce: "Ka tabbata, Uwaisu? Yaron nan ya taɓa ce mini Kano yana nufin Makka."

Na ce: "Yaya, wancan yaro ne, wannan magidanci ne mai furfura a gemu. Ga Jidda nan ya rubuta da hannunsa. Hukuma ce ta tsare shi a bayan teku. Ni shaida ne."

Ta yi ɗan murmushi ta ce: "Kai dai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, in ban da ranar da ka cinye mini ƙuliƙuli ka ce ɓera ne." Muka yi dariya har ita, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta ɗaga hannu ta ce: "To ku shaida. In dai hanya ce ta tsare shi, ba shi ya ƙi ni ba, na yafe masa duniya da lahira."

Haka ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ka yi sujada ka gode wa Allah, ɗana. Kada ka tsananta wa kanka a kan abin da ba ya hannunka. Duk ranar da aka sake ka, gida yana nan.

Baffanka, Uwaisu

*

Dinyar Malam
Talata, farkon Rabi'us Sani

Abdulkabir, assalamu alaikum.

Ba ka amsa takardar rasuwa ba. Na ɗauka kuka ne ya hana ka. Yanzu ban san abin da zan ɗauka ba.

Jiya, rana ta uku, muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, tabarmi sun cika har gindin dalbejiya. Sai ga Mati direba, abokin wasanka, wanda ke kai buhunan gawayi Kano. Ya yi addu'a ya shafa, ya waiga dama da hagu, sai ya ce: "Allah gafarta Malam, ina Alhajin Jidda? Ko yana ciki wajen mata?"

Na ce kana Jidda, hanya ba ta ba ka ba.

Ya ce: "Wace Jidda? Jiddar Fagge? Ai ran Laraba na sauke gawayi a wani masauki a Fagge cikin Kano, na ɗaga kai na gan shi a barandar bene yana shanya riga. Ya sa takunkumi a fuska, amma ni ko a buhu aka sa Abdulkabir na san tsayuwarsa. Na ƙwala masa kira, ya faɗa ɗaki kamar an jefo shi. Na ce wa mai gadi ɗan garinmu ne, ya ce baƙin waje ne da ke killace, ba a hawa."

Ni kuwa, a gaban dattawa da baƙi, na ce masa: "Mati, ka ji tsoron Allah. Zaman makoki ba tashar mota ba ce da za ka kawo mana labarin direbobi." Na sa Malam Yahya ya buɗe wayarsa ya zagaya da ita, kowa ya ga Jidda a saman takardarka da kwanan watan Laraba. Mati ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce: "Malam, ni ban yi karatu ba, amma ido biyu Allah ya ba ni." Ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Yau da safe Malam Yahya ya zo mini yana sunkuyar da kai. Ya ce lambarka ta can tana iya turo saƙo ko daga ina kake, ba ta nuna ƙasa. Ban san haka ba sai yau.

Tambaya ɗaya nake yi maka, kuma ina son amsarta a layin farko, kafin gaisuwa. Ranar Larabar da ka rubuta mini Jidda, a ina kake zaune?

Uwaisu

*

Kano
Alhamis, 19 ga Nuwamba 2020

A Kano nake, Baffa. A Fagge. Mati bai yi ƙarya ba.

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyyar Inna, in har ina da bakin yi.

Ranar Litinin ta makon jiya na sauka a Abuja. Izinin ya fito ba zato, na so in ba ku mamaki. A filin jirgi na cika takarda na sa hannu cewa zan killace kaina kwana bakwai. Mutumin da muka zauna kujera ɗaya da shi tari ya yi ta yi tun daga Jidda. Da na iso Kano maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. A daidai nan na buɗe waya na ga takardarka mai maganar mota biyu.

Baffa, na san garinmu. In na ce ina Kano, kafin azahar masaukin ya cika. Wa zan hana hannuna? Liman? Ko tsohon da ya yi mini huɗuba? Za a rungume ni, a shafa tafina a fuska don neman albarka, a zagaya da zamzam a kofi ɗaya, sannan kowa ya koma ya shiga ɗakin Inna ya ce mata ya gan ni. Na ga yadda cutar nan ta yi da tsofaffi a can. Abokan aikina biyu aka binne ba wanda ya ga fuskarsu. Kai da kanka ka rubuta mini cewa kada a ɗauki annoba a kai wa wasu.

Na kuma san in na faɗa maka ba za ka iya ɓoye mata ba, domin kai ba ka ƙarya. Shi ya sa na yi ta a madadinka. Na ƙirga kwanaki, na ce bakwai ne kawai, shekara tara ma ta jira. Na roƙi gafarar ne don tsoron abin da ya zo ya faru.

Da takardar rasuwa ta zo, ina zaune a bakin gado, tsakanina da ku tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Na ɗauki biro ya fi sau goma, na rasa garin da zan rubuta a sama.

An gwada ni ran Litinin. Jiya sakamako ya fito. Ba ni da komai, Baffa. Mura ce ta sanyin jirgi.

Ba na neman ka wanke ni. Abu biyu nake tambaya. Ka ba ni izini in zo. Sannan kai malami ne, ka faɗa mini tsakaninka da Allah: yafiyar da Inna ta yi mini tana nan? Ai doka ce ta tsare ni da gaske, ko da a Kano ne. Ban ƙi ta ba. Wallahi ban ƙi ta ba.

Ɗanka, Abdulkabir

*

Dinyar Malam
Asabar, 5 ga Rabi'us Sani

Daga Uwaisu ɗan Malam Basiru zuwa ga Abdulkabir ɗan Muhammadu Sani. Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na gode wa Allah da ya sa gwajinka ya fito da kyau.

Zan fara da abin da ka yi daidai, domin zalunci ne in haɗa shi da sauran. Zamanka a ɗaki kwana bakwai daidai ne. Ka sa hannu a kan alkawari ka cika, ka ji tsoron cutar da tsofaffi. Ban zarge ka da wannan ba, ba kuma zan bari wani ya zarge ka ba.

Amma ka yanke hukunci a kaina ba tare da ka tambaye ni ba. Ka ɗauka ni tsoho ne da ba zai iya tsare mota biyu ba. A cikin azumin bana, lokacin da hukuma ta hana taro, ni na tsaya a ƙofar masallaci na ce kowa ya koma ya yi salla a gidansa. An kira ni malamin gwamnati, wasu sun yi wata guda ba sa gaishe ni, ban janye ba. Wanda ya iya wannan, hana mutane zuwa Fagge ne zai gagare shi?

Da ka rubuta mini Kano, ga abin da zan yi. Zan kira Mati shi kaɗai, mu shimfiɗa katifa a bayan motarsa, mu kwantar da Rahmatu, Fadima ta riƙe kanta. Mu tsaya a ƙasan benen nan. Kai kuma ka fito barandar da kake shanya riga, da takunkuminka, ka durƙusa. Ba ta ce sai ta taɓa ka ba. Cewa ta yi a gaban idonta. Ranar Laraba da Alhamis tana da ƙarfin wannan tafiya, har dariya ta yi. Babu dokar da za mu karya, babu wanda zai shaƙi numfashin wani. Kwana uku ke nan ina ganin motar nan a tsaye a ƙasan benen, ko ina cikin salla.

Ka ce ka yi ƙaryar ne a madadina. A'a. Da bakina ka yi ta. Shekara saba'in da huɗu yayata ta san ni, abin da ta riƙe a kaina na ƙarya ƙuliƙuli ne. Ta tambaye ni ko na tabbata, domin zuciyarta ta faɗa mata gaskiya, ni kuma na danne ta da kalmar shaida. Na shaidi abin da ban gani ba, alhali shekara arba'in ina koya wa mutane cewa ba a yin haka. Wannan laifina ne, ina neman gafarar Allah a kansa. Amma kai ka san wanda take yarda da shi, shi ka zaɓa ka aika.

Jiya bayan sallar Juma'a na miƙe a gaban jama'a na ce Mati ya yi gaskiya, ni na yi kuskure, na roƙe shi gafara. Ya ce: "Haba Malam, wallahi da na san haka ne da na ce aljani na gani." Ya yafe. Daga nan na wuce maƙabarta ni kaɗai. Na yi mata sallama da addu'a, sannan na ce: Yaya, shaidar da na ba ki ran Alhamis na janye ta, yaron yana Kano. Ko tana ji ko ba ta ji, malamai sun yi saɓani a kan wannan. Na dai faɗa.

Sai tambayarka. An kawo mini matsalolin gado da na aure da na iyakar gona ba adadi, ban taɓa guje wa amsa ba. Wannan ba zan amsa ba. Ta ce in dai hanya ce ta tsare ka. Kai ka ce doka ce ta tsare ka, kuma akwai gaskiya a ciki. Ni na san hanyar da na siffanta mata teku ce da jirgi, ba titin Bichi da ke tsakaninmu da Kano ba. Ko abin da ta yafe ya haɗa da wanda ba ta sani ba, mai maganar kaɗai ke iya fassara ta, ita kuwa ta tafi. Ni ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Shaida ne wanda shaidarsa ta faɗi. Ka yawaita yi mata addu'a da sadaka, ka bar sauran ga Wanda ya san abin da ke zuciyarta lokacin da ta ɗaga hannu.

Izini kuwa, ka zo. Jinina ne kai, za ka ci tuwo a gidana, ba wanda zai faɗa maka baƙar magana ina raye. Ka shigo motar haya ran Litinin, babu mai taryarka. In ka ajiye jaka, ka nemi Mati ka ba shi haƙuri, sannan ka roƙe shi ya kai ka maƙabarta. Yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin, ya san wurin. Ni ba zan raka ka ba.

Wassalam.
Uwaisu